Rumbu da Ƙwadago: Tarihin Zaman Manoma a Batagarawa

Batagarawa, mazaunin sarautar Mallamawan Katsina, tana kudu da birnin Katsina da tazarar kusan kilomita 10. A yau hedikwatar ƙaramar hukuma ce, amma a 1967, lokacin da masaniya Polly Hill ta Ingila ta gudanar da bincike a can, ƙauyen manoma ne mai mutane kusan 1,400. Littafinta na 1972 a kan karkarar Hausa ya ruguza wani zato da ya daɗe a tsakanin masana, wato cewa manoman ƙauye duk kanwar ja ce a wajen samu da rashi. Wannan maƙala ta sake duba dalilan da suka raba mai rumbu da mai ƙwadago a gari guda.

Hill ta ƙirga gidajen noma 171. Da taimakon mutanen garin, waɗanda suka fi kowa sanin wanda hayaƙi ke tashi a gidansa, ta kasa su kashi 4 gwargwadon yadda suke ƙetare watannin ƙarancin abinci. Gidaje 17 suna da rarar da har suke agaza wa wasu. Gidaje 41 kuwa yunwa na gasa musu aya a hannu kafin gero ya nuna.

Abin lura shi ne ba ƙarancin ƙasa ne tushen talaucin ba, domin a lokacin akwai dajin da mai ƙarfi zai iya sharewa. Matsalar tana cikin juyin shekara. Da kaka, matalauci yana da bashi da haraji a wuya, sai ya fitar da hatsinsa lokacin da mudu ya fi araha. Mai hali ya saya ya zuba a rumbu, ya rufe. Da damina ta yi nisa, farashi ya hau, wanda ya sayar ya dawo saye da tsada. Kuɗin kuma daga ina? Daga ƙwadago. Yakan ɗauki fartanya da sassafe ya nufi gonar wani don ya sami na cefanen ranar, tasa gonar kuwa ciyawa na cinye ta a daidai lokacin noman firi, wanda ba ya jira. Ba shi da dabbobin da za su ba shi taki, ba shi da jakin kai shi gona. Amfanin baɗi ya ragu tun kafin a yi shuka, daga nan sai jingina, wani lokaci har sayar da gonar ɗungurungum.

Gandu ne babbar garkuwar masu hali: 'ya'ya maza, har da masu aure, suna yi wa uba aiki, shi kuma ya ciyar da su, ya biya musu haraji, ya bar musu gayauna. Uban da rumbunsa ya ƙare da wuri ba ya iya riƙe 'ya'yansa.

Sashen binciken Hill da ya fi ɗaukar hankali shi ne na mata. Suna cikin kulle, amma hatsi mai yawa ta hannunsu yake bi. Daga tsakar gida ake auna gero da dawa, ake matse man gyaɗa, ake toya ƙuli-ƙuli, yara kuma su ɗauki faifai da kwano su zaga gari da talla. Jami'in da ya tsaya a bakin kasuwa da takardar ƙidaya ba zai taɓa ganin wannan ciniki ba, shi ya sa rahotannin hukuma suka daɗe suna rubuta waɗannan mata a matsayin marasa sana'a.

Farin 1973 da cutar da ta lalata gyaɗa a 1975 sun girgiza noman yankin, bunƙasar birnin Katsina bayan ƙirƙiro jihar Katsina a 1987 kuma ta sa gonaki da dama a gefen birni suka koma filotai. Abin da ya kamata sabon bincike ya auna shi ne hannun da kuɗin waɗannan filaye suka shiga: na zuriyar gidaje 17 ɗin nan, ko na gidaje 41.