Me Ka Gani Da Idonka? Tarihin Littattafan Binciken Laifi Da Waɗanda Za Mu Karanta Tare

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu masu daraja. A taronmu na shekara da ya gabata aka yanke shawarar mu riƙa karanta littafi ɗaya tare duk bayan wata biyu, kowa a inda yake, sannan mu tattauna a kansa. Da aka zo maganar irin littattafan da za a fara da su, sai mafi yawanmu suka ce a koma wa labaran binciken laifi, irin waɗanda muke ɓoyewa a ƙarƙashin littafin lissafi lokacin karatun dare. Da yake an san ni da wannan cuta tun muna yara, sai aka ɗora mini nauyin zaɓowa. Na karɓa, amma na ce ba zan jero sunaye kawai ba, sai na faɗi inda abin ya samo asali, da dalilin da ya sa na ɗauki wannan na bar wancan.

Kafin nan bari in tuna muku wani abu, domin shi ne ma'aunin da na yi zaɓin da shi. Muna aji uku agogon hannun wani firifet ya ɓata a ɗakin kwananmu. Kafin gari ya waye zargi ya faɗa kan wani yaro da ya zo mana a tsakiyar shekara, ba shi da aboki, kuma ana raɗe-raɗin wai sata ce ta raba shi da makarantarsa ta da. Wani ɗan aji huɗu mai cewa ya iya bugun ƙasa ya zana, ya ce ɓarawon baƙo ne. Da aka tambayi wanda ya ga wani abu, ni na ɗaga hannu na ce na gan shi kusa da gadon mai agogo. Gaskiya ne na gan shi. Abin da ban faɗa ba shi ne randar ruwan shanmu a nan take, kowa nan yake bi. Aka yi masa bulala a gaban kowa. Malaminmu na Turanci, mutumin Gana, shi kaɗai ya kira ni gefe ya ce, "Me ka gani da idonka, me kuma ka ƙara da zuciyarka?" Na kasa amsa. Bayan hutu yaron bai dawo ba. Agogo kuwa sai ga shi a cikin yagewar katifar mai shi, ranar da aka fitar da katifu shan rana. Malamin bai ce mini uffan ba, sai dai ya miƙo mini The Hound of the Baskervilles, ya ce in karanta in mayar masa.

Asalin abin

Labarin binciken laifi bai yiwu ba sai da aka sami masu sana'ar binciken. A Faransa wani tsohon ɗan fursuna mai suna Vidocq ya kafa rundunar 'yan sandan ciki ta birnin Paris wajen 1812, kuma a 1828 aka fara buga tarihin rayuwarsa, jama'a suka yi ta rububinsa. A Ingila an kafa 'yan sandan Landan a 1829, amma sai a 1842 aka buɗe sashen bincike, da mutum 8 kacal.

Shekara ɗaya kafin wannan, wato 1841, wani Ba'amurke, Edgar Allan Poe, ya buga gajeren labari mai suna The Murders in the Rue Morgue a wata mujalla ta birnin Philadelphia. Shi ake ɗauka a matsayin na farko. An kashe uwa da 'yarta a wani ɗaki na saman bene a Paris, ƙofa kulle ta ciki. Maƙwabta sun ji murya, amma kowane shaida ya ce harshen wata ƙasa ne, kuma kowa ya ambaci harshen da shi kansa bai iya ba. 'Yan sanda suka kama wani akawun banki don kawai shi ya rako matar gida da kuɗi. Sai Dupin, wanda ba ɗan sanda ba ne, ya zauna ya tace abin da shaidu suka ji daga abin da suka zata. Hausawa kan ce biri ya yi kama da mutum. Wanda ya kai ƙarshen labarin zai san abin da ya sa nake murmushi da na rubuta wannan karin magana.

A 1868 Wilkie Collins ya fitar da The Moonstone, labarin wani lu'ulu'u da sojan Ingila ya sato daga Indiya a yaƙin 1799. Aka ba wata budurwa shi ranar da ta cika shekara 18, a daren kuma ya ɓace. Mutanen gidan ne suke ba da labarin ɗaya bayan ɗaya, kowa iya abin da ya sani. A cikinsu akwai 'yar aiki, Rosanna, wadda ta taɓa sata a baya, saboda haka ido ya koma kanta. Saje Cuff da aka ɗauko daga Landan gwani ne, amma shi ma ya yi kuskure. Collins ya ari wasu abubuwa daga wata shari'a ta gaske ta 1860, inda sufeto Whicher ya zargi wata 'yar gidan masu hali da kisan ƙaninta, jaridu suka yi masa ca, sai a 1865 yarinyar ta amsa laifin da bakinta.

Likitan da ya rasa majinyata

Arthur Conan Doyle likita ne, an haife shi a Edinburgh a 1859. A makarantar likitanci ya yi karatu a hannun Dokta Joseph Bell, wanda kan dubi hannun majinyaci da takalminsa da tafiyarsa ya faɗi sana'arsa da inda ya fito. Doyle ya yi aikin likitan jirgin ruwa, har ya zo gaɓar tekun Afirka ta Yamma a 1881. Da ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya a Ingila kasuwa ba ta buɗe masa sosai ba, sai ya cika lokacinsa da rubutu. A 1887 aka buga A Study in Scarlet, inda Sherlock Holmes da Dokta Watson suka fara bayyana. Fam 25 aka biya shi, ya sallama haƙƙin littafin gaba ɗaya. Daga 1891 mujallar Strand ta fara buga gajerun labaran Holmes, sai suna ya tashi. Doyle ya gaji da shi, ya jefa shi a wani kwazazzabon ruwa a Suwizalan a 1893, masu karatu suka ƙi haƙura. Ya dawo da shi a cikin The Hound of the Baskervilles tsakanin 1901 da 1902. A jimlace ya rubuta dogayen labarai 4 da gajeru 56 a kan Holmes.

Abin da ya fi burge ni game da Doyle ba a cikin littafi ya faru ba. A 1903 aka ɗaure wani lauya, George Edalji, ɗan wani limamin coci ɗan asalin Indiya, shekara 7, bisa zargin yana fita da dare yana yanka dabbobin mutane. An sake shi a 1906 ba tare da an wanke shi ba. Da Doyle ya je ganinsa a wani otal, sai ya tarar yana karanta jarida ya manna ta a fuskarsa. Nan take likitan ya gane cewa mai raunin gani haka ba zai iya ratsa gonaki cikin duhu ya yi wannan aiki ba. Ya yi ta rubutu a jarida har aka yi wa Edalji afuwa a 1907, kuma shari'ar tana cikin abubuwan da suka sa aka kafa kotun ɗaukaka ƙarar manyan laifuffuka a Ingila a wannan shekara.

Zamanin ƙa'ida

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya labarin ya zama kamar dara tsakanin marubuci da mai karatu. Agatha Christie ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na wani asibiti lokacin yaƙin, a nan ta san guba iri-iri. Littafinta na farko, The Mysterious Affair at Styles, ya fito a 1920, da Hercule Poirot, tsohon ɗan sandan Beljiyam mai ji da gashin bakinsa. Ta rubuta littattafan bincike 66 kafin rasuwarta a 1976. A 1926 ta fitar da The Murder of Roger Ackroyd, wanda ya jawo gardama, wasu suka ce ta yi maguɗi, wasu suka ce duk alamun suna nan a fili, mai karatu ne bai lura ba.

Irin wannan muhawara ce ta sa wani limamin Katolika, Ronald Knox, ya tsara ƙa'idoji 10 a 1929. Daga ciki akwai cewa dole a gabatar da mai laifi tun farkon labari, babu aljani ko tsafi a warware matsala, babu gubar da kimiyya ba ta sani ba, kuma duk alamar da mai bincike ya tsinta sai ya nuna wa mai karatu. A 1930 marubutan Ingila suka kafa ƙungiyarsu, Detection Club, sabon shiga yakan yi rantsuwar ba zai yaudari mai karatu ba.

Amurkawa kuwa suka ce kisa ba wasan falo ba ne. Dashiell Hammett ya yi aikin bincike na haya a kamfanin Pinkerton, don haka ya san 'yan daba da masu cin hanci ido da ido. A 1930 ya fitar da The Maltese Falcon, inda kowa ke yi wa Sam Spade ƙarya a kan wani gunkin shaho. A 1931 kuma Georges Simenon ɗan Beljiyam ya fara buga labaran Kwamishina Maigret na Paris da Faransanci, har suka kai 75. Afirka ma ba a bar ta a baya ba, domin a 1960 Muhammed Said Abdulla na Zanzibar ya fitar da Mzimu wa Watu wa Kale da harshen Suwahili, da mai bincikensa Bwana Msa.

Waɗanda na bari

Na san wasu za su ce ina James Hadley Chase, wanda muke karɓa layi-layi har bango ya cire? Sunansa na gaskiya René Raymond, Bature ne ɗan Ingila, kuma ya rubuta No Orchids for Miss Blandish, wanda ya fito a 1939, da taimakon taswira da ƙamus na karin harshen Amurka, bai taɓa zama can ba. Yana da daɗi, amma yawanci tun farko ka san mai laifi, sauran gudu ne da harbi, babu abin da za mu yi musu a kansa. Haka littattafan Pacesetters da kamfanin Macmillan ya fara bugawa a 1977, sai mu ware musu zagaye nasu. Na bar The Big Sleep na Raymond Chandler, na 1939, domin da masu shirya fim ɗinsa suka tambaye shi wa ya kashe direban da ke cikin labarin, shi kansa ya ce bai sani ba. Tunda marubuci bai sani ba, ina mu?

Waɗanda na zaɓa

Sharaɗina ɗaya ne, littafin ya ba mai karatu shaida ya bar shi ya yi hukunci, kuma a sami inda zato ya kai mutane ya baro. Za mu fara da labarin Poe, domin a zama ɗaya ake gama shi, ko mai aikin ofis ba shi da uzuri. Na biyu The Hound of the Baskervilles, inda duk karkara ta yarda cewa karen aljanu ne ke bin zuriyar wani gida, Holmes kuwa ya tsaya yana tambayar abin da ya sa aka sace takalmi ƙafa ɗaya. Masu tuna fatalwar bayan ɗakin gwaje-gwajen kimiyya za su ji daɗinsa. Na uku The Murder of Roger Ackroyd. A nan ina roƙo, kowa ya tsaya kafin babobin ƙarshe, ya rubuta sunan wanda yake zargi da hujjarsa ya aika wa sakatare, sannan ya ƙarasa. Wanda ya riga ya karanta ya rufa mana asiri. Na huɗu The Maltese Falcon, don mu ga bambancin Ingila da Amurka. Na ƙarshe The Moonstone, shi ne mafi tsawo, na ba shi wata huɗu. Littattafan Poe da Collins da Doyle sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, ana samunsu kyauta a waya. Amma ku sani marubutan 'ya'yan zamaninsu ne, za ku ci karo da raini ga baƙar fata da mutanen Gabas a wasu wurare, wannan ma abin tattaunawa ne.

A cikinmu yanzu akwai alƙalai da 'yan sanda da shugabannin makarantu da masu unguwanni, kusan kowa akwai wanda ake kawo ƙara gabansa, ko da 'ya'yansa ne. Da tsohuwar zuma ake magani. In littattafan nan sun sa ɗayanmu ya dakata ya tambayi mai kawo ƙara me ya gani da idonsa, to karatun ya biya.

Na ajiye The Moonstone a ƙarshe ne saboda Rosanna, domin ban taɓa karanta babinta ban tuna da yaron nan ba. Waɗanda muka kwana ɗaki ɗaya sun san wanda nake nufi. Duk wanda ya san inda yake, ko inda iyalinsa suke, don Allah ya sanar da ni ta hannun sakatare, ina da gafarar da zan nema. Malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu, waɗanda ke raye Allah ya ƙara musu lafiya. Sai mun haɗu a kan labarin Poe.