Baƙo da Tikitin Kowa da Kowa a Jiragen Ƙasa na Japan

A watan Oktoba na 2023 kamfanonin jirgin ƙasa na Japan, waɗanda aka sani da JR, suka ƙara kuɗin Japan Rail Pass, katin nan da ake sayar wa baƙi masu yawon buɗe ido, wanda mai shi ke hawa jirgi iya son ransa har kwanakin katin su cika. Na kwana bakwai ya tashi daga yen 29,650 zuwa 50,000, na mako biyu ya kai 80,000, na mako uku kuwa 100,000. Da yawa cikin masu shirin zuwa ƙasar sun ɗauki abin tamkar an ce wa baƙo ba a maraba da shi. Ni ban ga haka ba. Duk wanda ya bi tarihin yadda baƙi suka riƙa shiga jirgi a Japan tun 1872 zai tarar katin nan ɗan jiya ne, wata buƙata ta wani zamani ce ta haife shi. Tikitin da ɗan ƙasa ke yanka a taga shi ne tsarin da ya fi daɗewa, ya fi adalci, kuma ga yawancin masu doguwar tafiya shi ya fi amfani. Ƙarin kuɗin ya mayar da baƙo ne ga abin da dama can yana da haƙƙi a kansa.

Layin dogo na farko a Japan an buɗe shi a watan Oktoba na 1872, tsakanin Shimbashi a birnin Tokyo da tashar jiragen ruwa ta Yokohama, tafiyar kilomita 29 cikin minti 53. Da bashin da aka karɓo daga Ingila aka gina shi, ƙarƙashin injiniya Edmund Morel, wanda ya rasu kafin a buɗe layin. Faɗin dogon milimita 1,067 ne, daidai da na tsohon layin Legas zuwa Kano, domin duka biyun hannun injiniyoyin Birtaniya suka bi. Tikitin ma daga can ya zo: ɗan guntun kwali mai lamba da kwanan wata, irin wanda Thomas Edmondson ya ƙirƙira a arewacin Ingila cikin shekarun 1830. Taragun aji uku ne. Na sama yen ɗaya da sen 12 da rabi, na tsakiya sen 75, na ƙasa sen 37 da rabi. Amma matsalar baƙo a wancan lokaci ba kuɗin jirgi ba ce. Yarjejeniyoyin da Japan ta sa wa hannu da Amurka da ƙasashen Turai a 1858 sun tsare baƙi a 'yan garuruwan bakin teku irin su Yokohama da Nagasaki da Hakodate da Kobe, kuma ba su da ikon yin nisa da ya wuce kimanin kilomita 40 daga can. Wanda ke son shiga cikin ƙasa sai ya nemi takardar izini ta musamman, kuma dalilan da aka fi karɓa su ne neman lafiya da binciken ilimi. Da irin wannan takarda, wadda jakadan Birtaniya Harry Parkes ya nemo mata, Isabella Bird ta keta arewacin ƙasar a 1878.

Wannan taƙunƙumi yana da dalili, kuma dalilin shi ne ginshiƙin hujjata. Yarjejeniyoyin nan sun hana kotunan Japan hukunta baƙi. Baturen da ya yi laifi, ƙaramin jakadan ƙasarsa ne ke masa shari'a. Hukumomin Japan suka tsaya a kan cewa wanda bai yarda da kotunsu ba, ba za su buɗe masa cikin ƙasarsu ba. A 1899 sababbin yarjejeniyoyi suka fara aiki, gatan shari'a ya faɗi, shingen tafiya ma ya faɗi tare da shi. Daga ranar baƙo ya sami damar zuwa taga ya ambaci sunan kowace tasha a ƙasar a yanka masa tikiti, a kan kuɗin da ɗan ƙasa ke biya. Ya sami 'yancin ne ta hanyar rabuwa da gata, ya shiga ƙarƙashin dokar da ke kan kowa.

Abin da ya biyo baya shi ne gina tsarin da har yau ake aiki da shi. A 1906 gwamnati ta yi dokar saye manyan layuka masu zaman kansu, kamfanoni 17 suka koma hannunta cikin shekara biyu, har ya zama tikiti guda na iya kai mutum daga wannan ƙarshen ƙasar zuwa wancan. A shekarar ce kuma aka fara karɓar kuɗin sauri a kan jirgin Shimbashi zuwa Kobe. Tun daga nan kuɗin doguwar tafiya ya rabu biyu: kuɗin hanya, wanda ake lissafawa da nisa, da kuɗin sauri, wanda ake biya don irin jirgin da aka hau. A 1912 aka sa jirgi mai sauri na musamman zuwa Shimonoseki, inda matafiyi ke shiga jirgin ruwa zuwa Busan ya kama hanyar Turai ta Siberiya, kuma a shekarar aka kafa ofishin Japan Tourist Bureau da goyon bayan hukumar jirgin ƙasa, don ya taimaka wa baƙi da bayani da jagora.

Lokacin da jirgin Shinkansen mai tsananin sauri ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba 1964, kwana tara kafin gasar Olympics ta Tokyo, an gina masa sabon dogo mai faɗin milimita 1,435 wanda bai haɗu da tsohon ba. Da an so, da an yi masa tikiti nasa dabam kamar jirgin sama. Ba a yi ba. Hukumar jirgin ƙasa ta ɗauke shi a matsayin ƙarin layi a kan tsohuwar hanyar Tokaido, shi ya sa har yau ake lissafa kuɗin Tokyo zuwa Shin-Osaka a kan kilomita 552.6 na tsohon dogo, alhali sabon bai wuce 515 da ɗoriya ba. Wani zai ce an cuci fasinja da kilomita talatin da wani abu. Amma abin da ya samu a madadin ya fi haka daraja, kuma a nan ne ya kamata baƙo ya tsaya ya duba da kyau. Tikitin hanya ba ya ɗaure da jirgi guda. In tafiya ta wuce kilomita 100, yana aiki kwana biyu, kuma bayan kilomita 200 na farko kowane ƙarin kilomita 200 yana ƙara kwana ɗaya. Na Tokyo zuwa Kyoto kwana huɗu ne, na Tokyo zuwa Hiroshima kwana shida. Cikin waɗannan kwanaki mai tikiti na iya sauka a hanya ya fita daga tasha, ya kwana, ya dawo ya ci gaba, muddin bai koma baya ba, kamar dai yadda fatake ke yada zango a kan hanya guda. Mai zuwa Hiroshima na iya tsayawa a Nagoya da Kyoto da Himeji da Okayama a kan tikitin hanya ɗaya. Kuɗin sauri kaɗai zai riƙa biya daga zango zuwa zango, in kuma ya hau jirgi mai tsayawa a kowace tasha, ko wannan ba zai biya ba. Ga shi kuɗin kowace kilomita yana raguwa bayan 300, ya sake raguwa sosai bayan 600. In tafiyar ta haura kilomita 200, tikitin yana aiki daga kowace tashar JR da ke cikin birnin Tokyo.

To, ina katin baƙi ya fito? Turai ce ta fara, da Eurailpass a 1959, don waɗanda ba mazauna nahiyar ba. Japan ta yi nata a 1981, a lokacin da hukumar jirgin ƙasa ta gwamnati, JNR, ke nutsewa cikin bashi. Tun 1964 take faɗuwa kowace shekara, kuma lokacin da aka raba ta zuwa kamfanonin fasinja shida da na kaya ɗaya a watan Afrilu na 1987, bashin da ke wuyanta ya kai kimanin yen tiriliyan 37. Baƙin da ke shiga ƙasar a farkon shekarun 1980 ba su kai miliyan biyu a shekara ba. A irin wannan hali sayar wa baƙo kujera a kuɗin goro dabara ce mai kyau, tunda kujerar da babu kowa a kanta ba ta kawo ko sisi. Amma ko a wancan zamani an san iyakar dabarar. Da aka fito da Nozomi, jirgi mafi sauri, a 1992, ba a sa shi cikin katin ba. A hankali Nozomi ya mamaye layin Tokaido, har ya kai a 2020 ana iya tayar da guda 12 cikin awa ɗaya, mai kati kuwa yana tsaye yana jiran Hikari, jirgin da ke bin Nozomi a sauri, wanda bai cika wuce biyu a awa ba. Baƙi kuma suka ƙaru daga miliyan biyar da ɗoriya a 2003 zuwa kusan miliyan 32 a 2019, suka haura miliyan 36 a 2024. Kafin ƙarin kuɗin, zuwa Kyoto daga Tokyo da kujera keɓantacciya kusan yen 14,000 ne, wato zuwa da dawowa kaɗai sun kusa cinye kuɗin katin mako guda, sauran kwanakin duk kyauta. Dalilin da ya kawo rangwamen ya gushe tun da daɗewa, farashin ne ya makara.

Akwai masu cewa tikitin 'yan ƙasa yana da wuyar sha'ani ga wanda bai jin Japananci: takarda biyu, a haɗa su a zura cikin ƙofar tasha, ga zaɓi tsakanin tarago mai kujera keɓantacciya da na wanda ya riga ya zauna. Da gaskiyarsu, musamman a da. Sai dai wahalar ta yini guda ce. Tagar sayar da tikiti da ake kira Midori no Madoguchi tana aiki da kwamfuta tun 1965, injinan sayar da tikiti na manyan tashoshi suna da Turanci, kuma tun 2017 ana iya kama kujerar Shinkansen ta Tokaido da Sanyo ta waya da manhajar SmartEX. Kada kuma a manta katin baƙi shi ma yana da nasa hidimar. Shekaru da dama sai a wajen Japan ake sayensa, a zo da takarda a bi layi a canza ta, a nuna hatimin baƙunci a fasfo.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta 'yanci. Mai kati ba ya lissafi. In ya ga dama ya tashi da safe ya nufi Kanazawa ko Hakodate. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma wanda zai ratsa ƙasar daga Kyushu zuwa Hokkaido cikin mako guda har yanzu katin zai fi masa sauƙi. Katunan yanki-yanki da kamfanonin JR ke sayarwa su ma suna da amfani ga mai zama a shiyya guda. Amma ina ganin ana zuzuta 'yancin nan fiye da kima. Wanda ya biya yen 50,000 na kwana bakwai yana jin dole ya fanshe kuɗinsa, sai ya zama kullum yana cikin tarago, yana ƙirga garuruwa ba ya ganinsu. Katin ne ke tsara masa tafiya. Tikitin hanya kuwa an yi shi ne daidai da yadda mutane ke tafiya da gaske: a nufi wuri guda, a tsaya inda ake da buƙata, a biya gwargwadon nisan da aka yi.

Saura masu cewa ƙasar da ke neman baƙi ya kamata ta yi musu alfarma, tunda kuɗin da suke kashewa a masauki da abinci ya fi rangwamen yawa. Tambayata ita ce wane baƙo. Ɗalibin da ya zo karatu daga Najeriya ko Nijar, da ma'aikacin da ya zo aiki a masana'anta, ba su taɓa cancantar katin ba, domin bizarsu ba ta ziyara ba ce. Su da 'yan ƙasa suke tafiya babu wannan rangwame a tarago ɗaya da mai hutun mako biyu, wanda sau da yawa ya fi su hali. Rangwamen da ya fi dacewa da a yaba shi ne irin Seishun 18, tikitin jiragen da ba na sauri ba da JNR ta fito da shi a 1982, wanda kowa ke iya saya a lokutan hutu, ɗan ƙasa ne ko baƙo, yaro ne ko tsoho.

In akwai abin damuwa, yana cikin tikitin kowa da kowa ɗin kansa. Tikitin da ake saya ta SmartEX daga tashar Shinkansen ne zuwa tashar Shinkansen; ba ya ba da damar yada zango, kuma bai haɗa da jirgin cikin gari ba. A ƙarshen 2024 kamfanonin JR suka sanar za su daina sayar da tikitin zuwa da dawowa daga watan Maris na 2026, tare da rangwamen kashi goma cikin ɗari na tafiyar da ta haura kilomita 600. Ana kuma rage yawan tagogin sayar da tikiti a tashoshi da dama. Haƙƙoƙin da suka taru a jikin tikitin takarda cikin fiye da shekara ɗari suna zubewa ɗaya bayan ɗaya yayin da sayarwa ke komawa waya, kuma wannan asara ta shafi mutumin Sendai da ke zuwa ganin iyayensa a Fukuoka kamar yadda ta shafi baƙon da ya sauka jiya a filin jirgin sama na Narita. Mai son ya tsaya a Kyoto da Himeji a hanyarsa ta zuwa Hiroshima, a yanzu sai ya je taga ko inji ya nemi tikitin hanya na takarda, sannan ya sayi na sauri dabam.