Tsohon Takalmi Da Tandar Matar Bowerman

Yau na ɗan ajiye alƙalamin soyayya na ɗauko muku tarihi, kuma tarihin takalmi ne, irin wanda 'yan tsere suke sakawa su yi gudu. A Amurka da Turai da Japan akwai mutanen da ba su da abin nema sai takalmin gudu tsohon yayi, wanda kamfani ya daina yi tuntuni. Za ku ce to meye namu a ciki? Ku dai biyo ni, don asalin labarin daga kicin ɗin wata matar aure ya fito.

A garin Eugene na jihar Oregon an yi wani mai horar da 'yan gudu, sunansa Bill Bowerman. A 1964 shi da tsohon ɗalibinsa Phil Knight suka kafa ɗan kamfani mai suna Blue Ribbon Sports, suna saro takalman Onitsuka Tiger daga Japan suna sayarwa. Wannan kamfani ne ya koma Nike a 1971. Bowerman kuwa kullum damuwarsa ɗaya ce, yadda zai sami takalmi marar nauyi wanda zai kama ƙasa ba tare da ƙusoshi ba.

Rannan a 1971 suna karin kumallo shi da matarsa Barbara, sai idonsa ya kai kan wani kasko nata na ƙarfe. Kamar tandarmu ta waina yake, sai dai shi yana da murfi, kuma gidajensa ƙanana ne masu kusurwa huɗu. Bawan Allah ya ɗauke kaskon nan ya tuttula masa narkakkiyar roba. Roba ta kama, kasko ya manne ya ƙi buɗuwa, shi ke nan an yi wa baiwar Allah asara. Ni dai na ce da a nan ne, ranar sai maƙwabta sun shigo rabo! Amma daga siffar gidajen nan aka sami tafin takalmi mai 'yan ƙuraje, wanda ya ɗaga kamfanin sama.

A 1972 aka ɗinka kamar ƙafa 12 da hannu, don masu gasar neman gurbin zuwa Olamfik. Aka riƙa ce masa Moon Shoe, wai don sawunsa ya yi kama da sawun mutanen da suka taka duniyar wata a 1969. To a watan Yuli na 2019 gidan gwanjo na Sotheby's ya sayar da guda cikinsu wanda ba a taɓa sakawa ba, wani attajirin Kanada, Miles Nadal, ya biya dala 437,500. Shi kuwa kaskon, an jefar da shi a ramin shara na bayan gidan, sai a 2010 iyalin suka tono shi duk ya yi tsatsa, kamfanin Nike ya karɓa ya adana.

Masu wannan nema iri biyu ne. Na farko masu tara kayan tarihi, su ajiya kawai suke yi. Na biyu su ne suke ba ni tausayi, wato masu gudun gaske. Kamfanoni kusan duk shekara sai sun sake fasalin takalmi. Mutum ƙafarsa ta saba da wani samfuri, ba ya ji masa ciwo, ba ya yi masa kanta, kwatsam sai a ce an daina yi. Sai ya shiga bin shaguna da intanet yana neman ragowa, in ya dace ya sayi uku ko huɗu ya ɓoye. Duk wadda ta taɓa zagaye kasuwa neman zanen atamfar da aka daina bugawa, ko murfin da zai dace da kwanon jeren mahaifiyarta, ta san wannan ciwo.

Sai dai akwai inda gizo yake saƙa. Takalmi yana tsufa ko da yana cikin kwali. Gam ɗinsa ya bushe, soson da yake tare wa ƙafa dukan ƙasa ya ƙandare, wani irin soson ma danshin iska ne yake cinye shi a hankali, ana takawa ya marmashe kamar busasshen alkaki. Mutum ya zuba kuɗinsa, ya tashi da tsumma, in ya matsa ya yi gudu da shi kuma gwiwa da idon sawu su biya bashin.

An ce da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, amma ba kowane tsoho ne zuma ba. Don haka 'yar uwa, in za ki saya wa maigida ko yara takalmi na hannu, ki lanƙwasa shi, ki danna tafin da babban yatsa, ki duba bakin gam kafin ki miƙa kuɗi. Kayan tsofaffinmu kuma da muke rainawa muna bai wa 'yan gwangwan, mu riƙa tambayar labarinsu tukuna, tun masu ba da labarin suna raye.

Allah Ya sa mu dace, amin. Taku har kullum.