Littattafan da Aka Rubuta a Kan Addinin Yahudawa da Adabinsu: Ina Ƙarfinsu, Ina Rauninsu?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da sauran annabawa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, littattafan da suke magana a kan Yahudawa, da addininsu, da abin da malamansu suka rubuta, sun yawaita a hannun matasa, wasu a kantunan littattafai, wasu kuwa suna yawo daga waya zuwa waya. Sai dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A cikinsu akwai aikin manyan malamai da suka sha wahalar bincike, akwai kuma ƙagaggun labarai da aka yi wa ado da bango mai kyau. Idan muka bi tarihin wannan fanni tun daga Bagadaza har zuwa zamaninmu, za mu tarar da cewa abin da yake raba mai ƙarfi da mai rauni abu ɗaya ne: shin marubucin ganau ne ko jiyau? Ya karanta abin da mutanen suka rubuta da hannunsu, ko kuwa ya kwafo ne daga wanda shi ma kwafowa ya yi?

Mene ne littattafan Yahudawa?

Kafin mu auna masu sharhi, ya kamata mu san abin da suke yi wa sharhi. Littafinsu mai tsarki a wurinsu sunansa Tanak, kuma ya ƙunshi littattafai 24: biyar na Attaura, takwas na Annabawa, da goma sha ɗaya da ake kira Rubuce-rubuce, waɗanda Zabura take cikinsu. Sannan akwai Mishina, tarin hukunce-hukuncen da aka tattara a wajajen shekara ta 200 Miladiyya a ƙarƙashin malaminsu Yahuza Hanasi, a kashi shida. Tattaunawar da malamansu suka yi a kan Mishina ita ce Gemara, kuma idan aka haɗa su biyun shi ne Talmudu. Talmudu biyu ne: na Falasɗinu da na Babila, wato Iraƙi, kuma na Babila shi ne mafi girma da karɓuwa. An rubuta shi da Ibrananci da Aramiyanci, kuma a bugun da aka saba da shi ya kai warƙa 2,711.

Akwai kuma wani sashe da ɗalibin Larabci zai yi mamakinsa. Yahudawan da suka rayu a ƙarƙashin daulolin Musulunci sun rubuta manyan littattafansu na aƙida da Larabci. Sa'idu Alfayyumi, wanda suke kira Sa'adiya, an haife shi a Masar a 882, ya rasu a 942. Ya fassara Attaura zuwa Larabci, ya kuma rubuta Kitabul Amanati wal I'itiƙadat bisa salon malaman ilmin kalami. Bahaya ɗan Faƙuda na Andalus ya rubuta Alhidayatu ila Fara'idil Ƙulub, wanda tasirin sufayen Musulmi ya bayyana a cikinsa. Musa ɗan Maimuna, haifaffen Ƙurɗuba wanda ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta Dalalatul Ha'irin. Akasarin waɗannan an rubuta su ne da harshen Larabci amma da baƙaƙen Ibrananci, kamar yadda malamanmu suke rubuta Hausa da ajami. Haka nan mawaƙansu na Andalus, tun daga Dunash ɗan Labaraɗ a ƙarni na 10, sun ari karuruwan waƙar Larabci suka ɗora waƙoƙin Ibrananci a kansu, irin aron da marubuta waƙoƙin Hausa su ma suka yi daga baya.

Masu siffantawa

Kashi na farko na malaman Musulunci da suka yi rubutu a wannan fanni su ne waɗanda burinsu shi ne su siffanta abu yadda yake. Ibnun Nadim, mai sana'ar littattafai a Bagadaza, ya kammala Alfihirist a 987. Da ya zo kan littattafan Yahudawa, sai ya tambayi wani malami daga cikinsu, ya jero sassan Attaura da littattafan Annabawa, ya ambaci Mishina, ya kuma kawo sunayen littattafan Alfayyumi. Bayaninsa gajere ne, amma daga bakin mai abu ya ɗauko shi. Albiruni kuma, a cikin Al'asarul Baƙiya da ya rubuta a wajajen shekara ta 1000, ya yi bayanin kalandar Yahudawa da watanninsu da idodinsu da yadda suke ƙara wata na goma sha uku a wasu shekaru, da irin daidaiton da masana suke jinjina wa har yau. Shaharastani, wanda ya rasu a 1153, ya kawo ƙungiyoyinsu a cikin Almilalu wan Nihal cikin natsuwa, ba tare da zagi ba.

Ƙarfin wannan kashi shi ne adalci da kame harshe. Rauninsa kuwa shi ne ƙarancin zurfi. Ibnun Nadim sunaye ya jera, Albiruni lissafin zamani ya sa a gaba, Shaharastani kuwa ya ba ƙananan ƙungiyoyi irin su Isawiyya da Samirawa fili fiye da wanda ya ba Rabbaniyyawa, alhali su ne mafi rinjayen Yahudawa, kuma su ne ma'abota Talmudu. Wanda ya tsaya a kansa kaɗai zai san rassa, ya jahilci gangar jikin bishiyar.

Masu raddi

Kashi na biyu su ne masu muhawara, kuma jagoransu shi ne Ibnu Hazmin Andalus, wanda aka haifa a Ƙurɗuba a 994, ya rasu a 1064. A cikin Alfisal ya bi Attaura sashe bayan sashe, yana gwama lissafin shekaru da na nasabobi, kamar tsawon zaman Banu Isra'ila a Masar da yawansu lokacin fita, yana nuna wuraren da yake ganin sun ci karo da juna. Ya kuma bi tarihin sarakunansu da rushewar Baitul Maƙdis da kai su bauta Babila, domin ya nuna cewa silsilar riwayar littafin ta yanke. Wannan aiki ne na mutumin da ya zauna ya karanta, kuma ya yi muhawara ido da ido da malamansu, cikinsu har da Ibnu Nagrila wanda daga baya ya zama waziri a Garnaɗa.

Amma rauninsa a fili yake. Bai san Ibrananci ba, da fassarorin Larabci ya yi aiki. Harshensa yana da kaifi har ya kai ga zagi, kuma an san shi da wannan ko a raddinsa ga 'yan'uwansa malaman Musulunci. Sannan ya ɗauki wani littafi mai suna Shi'ur Ƙoma, wanda yake siffanta Ubangiji da gaɓoɓi, ya lissafa shi cikin Talmudu, alhali ba ya cikinsa; Musa ɗan Maimuna ma daga baya ya yi tir da wannan littafi, kuma kore kamanta Allah da halitta shi ne ƙashin bayan Dalalatul Ha'irin.

Bayansa sai Samau'alul Magribi, masanin lissafi, ɗan wani malamin Yahudawa mutumin Fas. Ya musulunta a 1163, ya rubuta Ifhamul Yahud. Shi ya san Ibrananci, yana kawo nassi da harshensa na asali, wannan kuwa ƙarfi ne babba. Alƙarafi da Ibnul Ƙayyim duk sun sha daga gare shi. Sai dai a nan ne wata matsala ta kunno kai: da yawa daga waɗanda suka biyo baya sun wadatu da kwafo hujjojin Ibnu Hazm da na Samau'alu, ba su koma tushe ba. Wanda ya yi ƙoƙarin komawa, wato Burhanuddin Albiƙa'i da ya rasu a 1480, wanda ya riƙa kawo nassoshin Attaura a tafsirinsa Nazmud Durar, ya sha suka daga malaman Alƙahira irin su Sakhawi, har sai da ya rubuta littafi guda domin kare halaccin abin da ya yi.

A ƙasarmu sunan da aka fi sani a wannan babi shi ne Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Abin da ya rubuta game da Yahudawan Tuwat a ƙarshen ƙarni na 15 rubutu ne na fiƙihu a kan sharuɗɗan zimma da hukuncin wuraren ibadarsu, kuma alƙalin Tuwat Abdullahi Al'asnuni ya saɓa masa a kai, kamar yadda Wansharisi ya tattara fatawoyin ɓangarorin a Almi'iyar. Saboda haka wanda yake neman sanin tunanin addinin Yahudawa ba a nan zai same shi ba, domin ba don haka aka rubuta shi ba.

Zamanin kwafowa daga Turai

Abin takaici shi ne, mafi raunin littattafan wannan fanni na zamanin ɗab'i ne. Misali na farko shi ne Alkanzul Marsud fi Ƙawa'idit Talmud, wanda Yusuf Nasarullahi ya fassara daga Faransanci aka buga a Masar a 1899. Asalinsa littafin wani Bajamushe ne mai suna Ogos Rolin, da ya fito a 1871. Wani malamin Yahudawa a Ostiriya mai suna Yusuf Bulok ya zarge shi a bainar jama'a da jahiltar Talmudu da ƙirƙirar nassoshi. Rolin ya kai ƙara kotu, amma a 1885 ya janye ƙarar kafin a zauna shari'a. Duk da haka, littattafan Larabci masu yawa sun ci gaba da kafa hujja da shi.

Misali na biyu shi ne littafin da aka sani da Burutukulatu Hukama'i Sahyun. An fara buga shi a Rasha a 1903. A 1921 jaridar The Times ta Landan ta nuna cewa an kwashi sassansa da yawa daga wani littafin habaici da lauya Bafaranshe Moris Joli ya rubuta a 1864 a kan Sarki Napoliyon na Uku, littafin da ba a kan Yahudawa yake magana ba sam. A 1935 wata kotu a birnin Ban na Suwizalan ta bayyana shi a matsayin ƙage. Amma fassarar Larabci ta Muhammad Khalifa Attunisi da ta fito a 1951 ta sa ya bazu a ƙasashen Musulmi. Ɗalibin da aka koya masa cewa ba a karɓar hadisi sai an binciki isnadinsa, yaya zai karɓi littafin da ba shi da marubuci sananne, kuma an kama shi da sata?

Akwai kuma wani rauni da ya shafi fahimta. Talmudu littafin saɓani ne, yana kawo ra'ayin da aka karɓa da wanda aka watsar, da ƙissoshi da misalai. Wanda ya tsinko jimla ɗaya ya ce ga aƙidar Yahudawa duka, daidai yake da wanda ya buɗe littafin saɓanin malamai ya ɗauko zance shazzi ya ce ga Musulunci. Mun san zafin wannan idan aka yi mana. Ibnu Khaldun ma tun a Muƙaddima ya lura cewa labaran Isra'iliyya da suka shiga tafsiri an karɓo su ne daga mutanen da iliminsu na Attaura bai wuce na gama-garin mabiyanta ba.

Masu komawa tushe

Alhamdu lillahi, zamanin bai rasa ganau ba. Hasan Zaza, Bamisire masanin Ibrananci, ya fitar da Alfikrud Diniyyul Isra'ili a 1971, inda ya bi matakan tunaninsu da mazhabobinsu daga littattafansu. Husaini Atai, malami Baturke, ya buga Dalalatul Ha'irin da baƙaƙen Larabci a Ankara a 1974, don haka duk mai Larabci zai iya karanta shi da kansa. Abdulwahab Almasiri, wanda ya rasu a 2008, ya fitar da kundinsa mai mujalladi takwas a 1999, inda ya bambanta Yahudawa da Yahudanci da Sahyoniyanci, kuma duk da tsananin adawarsa da Sahyoniyanci ya fito fili ya ce Burutukulat ƙage ne mai cutar da masu kare Falasɗinu. Rauninsa shi ne yakan ɗauki ma'auni ɗaya, kamar ra'ayinsa na hululiyya, ya auna ƙarnuka masu yawa da shi, har wani lokaci ma'aunin ya rinjayi nassin. Sannan a tsakanin 2011 da 2012 wata cibiyar bincike a Amman ta fitar da fassarar Talmudun Babila da Larabci a mujalladi 20, abin da su Ibnu Hazm ba su samu ba.

Kammalawa

Ya ɗan'uwa, Musulmi yana da aƙidarsa game da Annabi Musa, alaihis salam, da Attaurar da aka saukar masa, da abin da ya same ta, kuma babu littafin da zai canza wannan. Amma Suratul Ma'ida ta hana mu barin ƙiyayya ta kai mu ga rashin adalci, Suratul Hujurat kuma ta umurce mu da tantance labari. Saboda haka, duk littafin da ya zo hannunka a wannan fanni, yi masa tambayoyi uku. Shin marubucin ya san harshen, ko aƙalla ya faɗi fassarar da ya dogara da ita? Shin ya ambaci littafi da babi yadda za a iya komawa a duba? Shin yana bambanta ƙungiya da ƙungiya, da zamani da zamani, ko kuwa ya yi musu kuɗin goro? Wanda ya amsa waɗannan ka riƙe shi ko da ka saɓa masa a wasu wurare. Wanda ya kasa, ka ajiye shi, kada kuma ka tura wa wani, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ranar da aka tona ta, har gaskiyar da ka jingina da ita sai mutane sun yi shakkarta.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya kuma sa mu zama masu adalci ga masoyi da maƙiyi. Wallahu a'alamu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.