Daga Lantanar Kirtashi Zuwa Dutsen Agadas

Da wuya a sami ɗaya daga cikinmu da ya shekara goma kan hanya ba a taɓa kwance masa ƙullin tsumma a tasha ko a bakin iyaka ba, a nuna masa wani dutse mai sheƙi a ce, "Alhaji, nawa za ka ba ni?" Wasu kuma da irin dutsen nan aka biya su bashi. Tunda bikin cika shekarun ƙungiya lokaci ne na waiwaye, mun ga ya dace mu tuna cewa wannan tambaya ta girmi motar da muke hawa, ta girmi iyakokin da muke ƙetarawa.

Kafin Turawa su ja layi tsakanin Nijar da Najeriya, fataken Hausa suna ɗauko wani jan dutse daga yankin Kirtashi, a gaɓar Kwara ƙasa da Sayi. Suna loda shi a kwale-kwale su gangara har Jebba, daga nan a kai shi Ilori. Sunansa lantana, kuma da wannan suna na Hausa Yarabawan da ke sarrafa shi suka san shi. Sana'ar ta zo Ilori ne daga tsohuwar Oyo, wadda kakanninmu ke kira Katunga, bayan rushewarta a shekarun 1830. Aikin ba na mai gaggawa ba ne. Mai huda yakan dafe dutsen da yatsun ƙafa, ya ɗora siririn tsinken ƙarfe, ya yi ta ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma yana ɗiga manja, sannan a goge a kan dutsen niƙa har ya yi santsi. Sarakunan Yarabawa da fadar Bini su ne manyan masu saye.

A wannan ciniki idon falke shi ne rabin jarinsa. Dutse mai tsaga a ciki yakan fashe a hannun mai huda, kuma wanda ya yi makonni a kan ruwa da irin wannan kaya ya yi dakon tsakuwa ne kawai.

Lantana ba ita kaɗai ce a kasuwa ba. Tun da daɗewa aƙiƙ na Kambay ta ƙasar Indiya yana shigowa ta hannun alhazai da ayarin Masar. A ƙarni na 19 kuma garin Idar-Oberstein na Jamus ya shiga cinikin. Suna sayo ɗanyen dutse daga Brazil, su rina shi su gasa har ya yi ja, su yanka shi daidai yadda matanmu da Buzaye ke so, har da talhatana. Bayansu masu narka kwalba na Bohemiya, a ƙasar Cek ta yau, suka fara zuba irin wannan siffa a mazubi, suna sayarwa da araha. Daga nan tsakiyar gaske da ta kwalba suka haɗu a faifai ɗaya, kuma kafin ƙarshen shekarun 1930 masu huda lantana a Ilori sun kusa ƙarewa.

A wannan zamani ne dillalai suka ƙware a gwaje-gwajen da har yau ba su tsufa ba. A ɗora a kunci: dutse yana daɗewa da sanyinsa, kwalba nan da nan take ɗumi. A ɗaga a rana: ƙananan kumfa masu zagaye a ciki alamar kwalba ce. A shafa gefe da farce, a ji ko akwai layin da mazubi ya bari. A leƙa ramin: wanda aka huda da hannu daga ɓangare biyu ba ya cika haɗuwa daidai a tsakiya. Wani Bajamushe mai suna Mohs ya jera taurin duwatsu daga 1 zuwa 10 a 1812, kuma lissafinsa ya zo daidai da abin da tsofaffinmu suka gano da hannu. Kwalba da bakin wuƙa suna wajen 5 da rabi, dutsen ƙanƙara da aƙiƙ suna wajen 7, shi ya sa aƙiƙ ke karce kwalba amma wuƙa ba ta kama shi.

Farkon shekarun 1980 labari ya juya, duwatsun suka koma fitowa daga ƙarƙashin gonakinmu. An sami safaya a Nisama ta ƙasar Jama'a, akwamarin a Nasarawa Eggon, tofaz a tsaunukan Jos, daga baya tomalin a ƙasar Oyo da safayar Mambila kusa da iyakar Kamaru. Masu saye daga Senegal da Mali da Gini suka cika Jos da Ibadan, suna kai kaya Bankok da Jamus. A ganinmu ba wayo suka fi mu ba, sun dai riga mu sanin sunan abin da ke hannunsu. Mutanenmu da yawa sun sayar da mudu abin da ake aunawa da giram, wasu kuma sun zuba jari a fasasshiyar kwalba mai ruwan bula da aka mirgina cikin jar ƙasa.

Launi shi ne babban mayaudari. Akwamarin da tofaz mai ruwan sama kamarsu ɗaya a ido, amma ƙaramin sikeli da kofin ruwa sun isa su raba su. A auna dutsen, sannan a ɗora kofin ruwa a kan sikeli a mai da shi sifiri, a rataya dutsen da zare cikin ruwan ba tare da ya taɓa gindi ba, a raba awon farko da na biyu. Dutsen ƙanƙara zai ba da 2.65, akwamarin wajen 2.7, tomalin ɗan sama da 3, tofaz 3.5, safaya 4. Masu wasa duwatsu don sha'awa a ƙasashen waje da wannan suke farawa. Gwajin karce kuma a ɗanyen dutse ake yi, ba a wanda aka riga aka yanka ba. Abin da ba a yi ko kaɗan shi ne daka dutsen da ba a sani ba a cikin gida. A 2010 ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a tsakar gida ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara.

Akwai kuma duwatsun da ba su da sheƙi ko kaɗan. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo daga sama kusa da wani manomi a Zagami, ƙasar Katsina, daga baya masana suka tabbatar daga duniyar Mars yake. A Nuwamba 2023 aka tsinci ɗan'uwansa a hamadar jihar Agadas, kilo 24 da ɗoriya. A Yuli 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a New York kan dala miliyan 5.3. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya bar ƙasar, ta kuma dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da waɗanda suka faɗo daga sama.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Falken Kirtashi bai san takardar izini ba, amma mu a yau ƙullin da wani ya ba mu saƙo a Agadas ko Garwa yana iya sa a tsare mota da kayanta a bakin iyaka, kuma jami'in kwastan ba zai karɓi "ban san ko mene ne ba" a matsayin amsa ba.