Kadangare mai gemu: me ya sa ba a haɗa biyu a keji ɗaya, kuma yaya ake karɓar sabo?

Kadangare mai gemu, wanda masana ke kira Pogona vitticeps, Faransawa kuma ke ce wa pogona, asalinsa daga busassun dazuzzukan tsakiya da gabashin Ostireliya ne. Wani masani Bajamushe, Ernst Ahl, shi ya fara bayyana shi a rubuce a shekarar 1926. Ostireliya ta hana fitar da namun dajinta domin kasuwanci, saboda haka waɗanda ake sayarwa a Turai da Amurka a gidajen masu kiwo aka ƙyanƙyashe su. Babba kan kai tsawon santimita 60 haɗe da wutsiya, kuma yana iya rayuwa shekara 10 zuwa 15 idan ya samu kulawa.

Danginsa ɗaya da jan gwadan da muke gani a katangun gidajenmu, domin dukansu 'yan zuriyar Agamidae ne, har gyaɗa kan nan ma sun yi tarayya a cikinsa. Sai dai jan gwada kan zauna da matansa a katanga guda, shi kuwa mai gemu ɗan kaɗaici ne. A daji kowane babba yana da wurin shan hantsinsa, ba ya neman ɗan'uwa sai lokacin barbara. Ba ya kewa, ba ya buƙatar aboki. Don haka masu kiwo suka tsaya a kan doka ɗaya: kadangare ɗaya, keji ɗaya.

Abin da haɗawa ke jawowa

Maza biyu ba sa zama tare, kamar yadda ba a sarki biyu a gari ɗaya. Suna cizon juna har jini, wani ya rasa yatsu ko ƙarshen wutsiya. Wutsiyar mai gemu kuwa ba ta sake tsirowa, abin da ya gutsure ya tafi ke nan.

Namiji da mace ma akwai matsala. Namijin yakan yi ta bin macen, yana cije mata ƙeya don ya hau ta, ita kuma a cikin keji ba ta da wurin gudu. Mace na iya zuba ƙwai 15 zuwa 30 a karo ɗaya, ta kuma maimaita sau da yawa a shekara daga barbara guda, domin tana ajiye maniyyi a jikinta. Kowane ƙwai yana janye sinadarin kalsiyam daga ƙasusuwanta. Wadda aka haɗa da namiji tun ba ta ƙosa ba, ƙwan na iya maƙale mata, ya zama ajalinta.

Mata biyu masu girma ɗaya su ne aka fi jin sun zauna ba faɗa, amma ko a nan ɗaya takan mamaye abinci da wurin ɗumi. Babba da ƙarami kuwa ganganci ne tsantsa, domin babban na iya haɗiye jinjirin. 'Ya'yan ma in aka cunkushe su, suna cizon yatsun juna saboda yunwa.

Alamun da ke yaudarar mai kiwo

Sau da yawa mutum kan ga ɗaya ya kwanta a bayan ɗaya, ya ɗauka ƙauna ce. Danniya ce. Na saman ya tare zafi da hasken fitila, na ƙasan ya rasa. Wannan kadangaren yana buƙatar wurin shan zafi mai digiri 38 zuwa 42 a ma'aunin Salsiyos kafin abinci ya narke masa, yana kuma buƙatar hasken UVB kafin jikinsa ya amfana da kalsiyam. Wanda aka danne yakan rame, ƙasusuwansa su yi laushi, muƙamuƙi da ƙafafu su lanƙwashe.

Sauran alamun sun haɗa da gyaɗa kai da sauri, wanda nuna iko ne, da hura gemu har ya yi baƙi ƙirin. Wanda ya yi mubaya'a kuma yakan ɗaga ƙafar gaba ɗaya yana juya ta a hankali. Idan ɗaya ya fara ɓuya, ya daina cin abinci, ko girmansa ya tsaya alhali ɗayan na ƙiba, a raba su a ranar, kada a jira sai an ga jini.

Yadda ake karɓar sabo

Kafin a kawo na biyu, a tanadi keji na biyu da fitilunsa da kwanoninsa. Babba guda yana buƙatar keji mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60 aƙalla.

A killace baƙon a wani ɗaki daban na kwana 60 zuwa 90. A shimfiɗa masa takarda a ƙasa don a riƙa ganin kashinsa, a kai kashin wurin likitan dabbobi a duba tsutsar ciki da ƙwayar koksidiya. Akwai kuma ƙwayar cutar adenobairos, wadda kadangare kan ɗauka yana yaɗawa ba tare da wata alama ba, da wata cutar fata mai sa ɓawon jiki ya yi rawaya yana ruɓewa. A riƙa fara hidimar tsohon gida kafin baƙo, kuma gyare ko ganyen da ɗaya ya rage kada a miƙa wa ɗayan. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa kowannensu, domin suna ɗauke da salmonela mai sa mutane gudawa, musamman yara ƙanana.

Bayan killacewa, ko da kejin biyu suna ɗaki ɗaya, a sa shamaki don kada su hangi juna. Hange kaɗai ya isa ya sa namiji ya yini yana hura gemu yana karce gilashi.

Idan kiwo ake nufi, a tabbatar da jinsinsu tukuna: namiji na da ƙullutu biyu a ƙarƙashin gindin wutsiya, da manyan ɗigo a cinyoyinsa. A jira macen ta kusa shekara 2 da cikakken ƙarfi, a haɗa su na ɗan lokaci ana kallo, sannan kowa ya koma kejinsa. A kuma san inda za a kai 'ya'yan tun kafin su zo.

Ga masu kiwo a yankinmu

Kada a kamo kadangaren gida a sa masa a matsayin aboki ko abinci, domin na waje yana ɗauke da tsutsotsi da kaska. Kada kuma a ajiye kejin gilashi a rana: gilashi yana tare hasken UVB, sannan a zafin bazara cikinsa kan zama tanda cikin 'yan mintoci. Tun da ba a kowane gari ake samun likitan da ya san masu jan ciki ba, rigakafi ya fi magani. Wanda ba shi da halin keji biyu, ya tsaya a kadangare ɗaya.