Maganin Da Aka So A Ɓoye Sunansa

Mai karatu, idan an taɓa shiga da kai ko wani naka ɗakin tiyata, aka ɗora masa abin shaƙa a hanci har barci ya kwashe shi, to mai yiwuwa ka ci gajiyar wani dangin sinadari da ake kira eta.

A 1540 wani Bajamushe, Valerius Cordus, ya haɗa barasa da asid ɗin sulfa, irin wanda ke cikin ruwan batir, ya sami wani ruwa mai saurin bin iska. Sai wajen 1730 August Frobenius ya raɗa masa suna eta, kalmar da Girkawa ke nufin sararin sama da ita. Shekaru ɗari uku bayan Cordus ana nan ana yi wa mutane tiyata ido biyu.

Ranar 16 ga Oktoba 1846, a birnin Boston na Amurka, wani likitan haƙori, William Morton, ya shaƙa wa majiyyaci wannan ruwa, aka yanke masa ƙari a wuya bai ji zafin wuƙa ba. Amma Morton ya so kuɗi. Ya sa wa maganin suna Letheon domin kada a gane shi. Likitocin suka ƙi ci gaba da abin da ba su san cikinsa ba, dole ya bayyana gaskiya. A ganina sun kyauta.

Alexander Williamson ne ya fayyace ƙirarsa a 1850: ƙwayar oksijin guda a tsakiya kamar gada, da rukunin kabon hagu da dama. Sunan na bin wannan ƙira. Ana ambaton rukunan biyu, a rufe da eta. Na Morton rukunin etil ne a kowane gefe, shi ya sa ake ce masa dayetil eta.

Yana saurin kama wuta, yana kuma sa amai, don haka aka maye gurbinsa da isofuluren da sebofuluren, waɗanda su ma eta ne da aka sanya wa fulorin. Sai dai akwai 'yan tsiraru da suka gaji wata larura, wadda waɗannan magunguna ke sa jikinsu ya yi mummunan zafi, tsoka ta ƙage. Idan hakan ta taɓa samun wani a danginku lokacin tiyata, ka shaida wa likitan sa barci tun kafin ranar aiki, akwai wasu magungunan da zai zaɓa.